LAFIYA UWAR JIKI: Gudan jini bayan korona mai sauƙi

Filin lafiya na wannan wata na manoma da makiyayan Damargu ne, daga Tanut zuwa Belbeji, daga Bakin Birji zuwa Tenhiya. Maganar kuwa a kan cutar korona ce.

Wani zai ce ai wannan tsohon zance ne, korona ta wuce. Gaskiya ne tashin hankalinta ya wuce. An buɗe masallatai da lakwal da iyakokin ƙasa tun da daɗewa. Amma ƙwayar cutar ba ta bar duniya ba. Tana nan tana yawo cikin mutane kamar mura. Kuma likitoci sun gano wani abu da takan bari a jiki bayan mutum ya ji sauƙi. Wannan abu shi ne gudan jini a cikin jijiya. Yakan samu har wanda bai kwanta asibiti ba, wanda ya yi jinyarsa a gida ya tashi.

Ba kowa yake samu ba. Ƙalilan ne. Amma wanda ya samu, idan bai gane alamarsa da wuri ba, yana iya rasa ransa.

YADDA KORONA TA SHIGO

Cutar ta fara ɓulla a birnin Wuhan na ƙasar Sin a ƙarshen shekarar 2019. A Nijar an samu mutum na farko a Yamai ranar 19 ga watan Maris na 2020. Daga baya ta iso jahar Damagaram. Waɗanda aka auna aka tabbatar suna da ita a ƙasar sun wuce mutum 9,000, waɗanda suka rasu kuma sun wuce 300.

Wannan lissafi na waɗanda aka auna ne kaɗai. Awon ya fi yawa a manyan garuruwa. A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a Afirka, cikin mutum 7 da suka kamu, 6 ba a gano su ba. Ke nan mutum yana iya yin korona a ƙauye ko a mashekari, ya ɗauka murar hunturu ce. Ya yi masassara kwana uku ko huɗu, da tari, da ciwon maƙogwaro, da kasala. Wani ya daina jin ƙamshin abinci. Bayan mako guda ya koma gonarsa ko garkensa.

Ranar 5 ga watan Mayu na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire korona daga cikin cututtukan gaggawa na duniya. Ba ta ce cutar ta ƙare ba.

MENE NE GUDAN JINI?

Duk wanda ya taɓa yanka rago ya ga yadda jini yake. Da farko yana zuba kamar ruwa. Kafin a gama fiɗa ya daskare, ya yi guda kamar hanta. Wannan daskarewa rahama ce. Ita ce take tsayar da jini idan lauje ko wuƙa ta yanki mutum. Ba don ita ba, da ƙaramin rauni ya isa ya kashe ƙato.

Amma wurin daskarewar jini shi ne bakin rauni. A cikin jijiya jini tafiya yake yi dare da rana. Idan ya daskare a can ciki, ya zama ciwo.

Ya fi yin haka a manyan jijiyoyin ƙafa, waɗanda suke can cikin nama, a sha-raɓa ko a cinya. Waɗannan jijiyoyi su ne suke mayar da jini sama zuwa zuciya. Idan guda ya toshe hanya, jini ya taru a ƙasa, sai ƙafar ta kumbura.

Babban haɗarin yana gaba. Gudan yana iya ɓallewa daga inda ya maƙale. Idan ya ɓalle, sai jini ya tafi da shi zuwa zuciya, zuciya kuma ta tura shi cikin huhu. Mahauci ya san manyan jijiyoyin da suka haɗa zuciya da huhu. A nan gudan yake tsayawa, domin hanyar tana ƙara matsewa. Idan ƙarami ne, mutum ya ji haki da ciwon ƙirji. Idan babba ne, mutum yana iya faɗuwa nan take.

ME YA HAƊA SHI DA KORONA?

Abubuwa uku ne suke sa jini ya yi guda a cikin jijiya. Likitoci sun san su tun fiye da shekara ɗari.

Na farko, idan cikin jijiyar ya ji rauni. Jijiya mai lafiya cikinta sumul yake, kamar cikin sabuwar ƙwarya. Idan ya yi kaushi, sai jini ya samu wurin maƙalewa.

Na biyu, idan jinin da kansa ya yi saurin daskarewa.

Na uku, idan jinin ba ya tafiya sosai. Zuciya ce take tura jini zuwa ƙafa, amma hawowarsa sama aikin naman ƙafa ne. Duk takun da mutum ya yi, naman sha-raɓa yana matse jijiya, jini ya hau, kamar yadda ake jan guga daga rijiya. Idan mutum ya kwanta kwana da kwanaki, ko ya zauna ƙafa a naɗe, an daina jan gugan ke nan.

Korona tana haɗa ukun duka. Tana ɓata cikin jijiyoyi. Yaƙin da jiki yake yi da ita yana sa jini ya yi saurin daskarewa. Tana kuma kwantar da mutum a tabarma. Ga masassara da zufa suna rage ruwan jiki. Tari yana iya tsayawa, masassara ta sauka, amma jijiyoyi da jini ba su gama komawa daidai ba. Shi ya sa ciwon yakan fito bayan mutum ya ɗauka ya warke.

ABIN DA AKA ƘIRGA A ƘASASHEN TURAI

A ƙasashen Turai ana rubuta kowane marar lafiya, saboda haka an iya bin sawun mutane masu yawa.

A shekarar 2022 likitocin jami'ar Queen Mary ta birnin Landan sun fitar da bincikensu. Sun bi mutum kusan 18,000 da suka yi korona tsakanin Maris na 2020 da Maris na 2021. Fiye da 14,000 daga cikinsu ba su kwanta asibiti ba. Sun gwada su da wasu mutane masu irin shekarunsu waɗanda ba su kamu ba. Ga abin da suka gani: waɗanda suka yi jinya a gida sun fi samun gudan jini kusan ninki uku. Wato inda mutum ɗaya ya samu cikin waɗanda ba su kamu ba, kusan uku suka samu cikin waɗanda suka kamu. Waɗanda cutar ta kwantar a asibiti kuwa, nasu ya wuce ninki 27. Haɗarin ya fi yawa a cikin kwana 30 na farko.

A wannan shekarar ta 2022 likitocin jami'ar Umea ta ƙasar Suwidin su ma sun fitar da nasu. Su mutum fiye da miliyan ɗaya suka bi. Sun ga haɗarin gudan ƙafa yana kaiwa wata uku bayan kamuwa, na huhu kuma yana kaiwa wata shida. Ga masu ciwo mai sauƙi, haɗarin gudan ƙafa ya kai ninki uku, na huhu ninki bakwai.

Kada wannan ninki ya tsorata kowa. Ninkin abu kaɗan, kaɗan ne. A Suwidin, cikin kowane mutum 10,000 da suka kamu, har da masu ciwo mai tsanani, kimanin 4 ne suka samu gudan ƙafa a watan farko, kimanin 17 suka samu na huhu. Sauran duk ba su samu ba.

Akwai kuma abin lura. Mutanen binciken Landan yawancinsu dattawa ne, masu shekara kusan 70. An kuma yi shi ne a farkon cutar, kafin yawancin mutane su samu allurar rigakafi. A Suwidin an ga haɗarin ya fi yawa a zuwan cutar na farko, ya ragu a na biyu da na uku. Nijar kuwa ƙasar yara ce, kusan rabin mutanenta ba su kai shekara 15 ba. Manomi da makiyayi kuma kullum a tafe suke, ba su zaman wuri ɗaya. Wannan duk kariya ce.

To, me ya sa ake wannan magana a Damargu? Saboda nisa. A Landan mai ciwo yana isa asibiti cikin mintoci. Daga Tanut zuwa Damagaram kusan kilomita 150 ne. Wanda yake wajen Tarka ko arewacin Tenhiya, kafin ya fito titi ma ya ci rabin yini. Inda likita yake nesa, sanin alama da wuri shi ne rabin magani.

SU WA SUKA FI SHIGA HAƊARI?

Tsofaffi, musamman wanda ya wuce shekara 60 kuma ya fi yini a kwance.

Mace mai ciki, da mai jego. Jinin mace yana ƙara saurin daskarewa a lokacin ciki, domin kada ta zubar da jini da yawa wajen haihuwa. Wannan hali yana nan har mako shida bayan haihuwa, wato kwanakin arba'in da ɗan ƙari. Mai jegon da ta yi masassara da tari tana bukatar a sa mata ido sosai.

Mace mai shan wasu ƙwayoyin tsarin iyali. Ba dukansu ba ne suke da wannan hali. Ungozomar gidan likita ta san bambancinsu.

Wanda ya karye aka yi masa ɗori yana kwance, da wanda aka yi wa aikin tiyata kwanan nan.

Mai ƙiba sosai, da mai ciwon zuciya, da mai ciwon daji, da mai tarin fuka, da mai shan taba.

Mai ciwon amosanin jini, wanda ake kira sikila. Wannan ciwo yana da yawa a Nijar.

Wanda ya taɓa samun gudan jini, ko wani a gidansu ya taɓa samu.

Sai matafiyi. Bayan kaka samarin Damargu da yawa suna tafiya cin rani. Wasu Agadas da Arlit, wasu wuraren haƙar zinariya, wasu Libiya da Aljeriya, wasu Kano. Daga Tanut zuwa Agadas kusan kilomita 300 ne. Mutum yakan zauna bisa kaya a kan babbar mota, ƙafa a naɗe, wani na zaune a kan ƙafar wani, yini guda ko fiye. Wasu ma sukan ƙi shan ruwa don kada fitsari ya matsa musu. Wanda ya tashi daga masassara ya hau irin wannan mota ya tara wa kansa abubuwan nan uku a lokaci guda.

ALAMOMIN ƘAFA

Ƙafa ɗaya ce take kumbura, ɗayar tana lafiya. Wannan ita ce babbar alama.

Sha-raɓa ko cinya tana ciwo, kamar an ɗaure ta da igiya. Ciwon yakan ƙaru idan mutum ya miƙe ko ya taka.

Idan aka taɓa wurin, ya fi ɗayar ƙafar zafi. Fatar tana iya yin sheƙi, ko ta canza launi.

Mutum bai faɗi ba, bai yi targaɗe ba, ƙaya ba ta soke shi ba, maciji ko kunama ba su taɓa shi ba.

Akwai awo mai sauƙi da kowa zai iya yi. A ɗauki zare a zagaya sha-raɓar ƙafa mai lafiya, a ƙulla alama. A zagaya ɗayar a daidai wurin. Idan mai ciwon ta fi da faɗin yatsu biyu, magana ta yi ƙarfi. Amma ko ba ta kai haka ba, idan ciwo da zafi suna nan, a tafi gidan likita.

Idan ƙafa biyu ne suka kumbura tare, yawanci wani ciwo ne daban, kamar na zuciya ko na ƙoda, ko ƙarancin abinci. Shi ma na likita ne. Mai cikin da ƙafafunta suka kumbura da ciwon kai kada ta jira ranar awo.

ALAMOMIN HUHU

Numfashi ya yi wuya farat ɗaya. Mutumin da jiya ya je rijiya ya dawo lafiya, yau daga ɗaki zuwa zaure yana haki.

Ƙirji ko haƙarƙari yana suka, musamman idan ya ja numfashi.

Zuciya tana bugawa da sauri ko yana zaune.

Tari da jini.

Jiri, ko zufa mai sanyi, ko suma.

Wani yakan samu alamun huhu ba tare da ƙafarsa ta taɓa kumbura ba. Waɗannan alamu suna kama da na ciwon haƙarƙari da na tarin fuka. Mutanen gida ba za su iya rarrabe su ba. Ba kuma aikinsu ba ne. Aikinsu shi ne su kai shi likita a wannan sa'a, ko da tsakar dare ne.

Gudan jini yana iya toshe jijiyar kai ko ta zuciya. Idan baki ya karkace, ko hannu da ƙafa na gefe ɗaya suka mutu, ko magana ta sarƙe, wannan ma gaggawa ce.

ABUBUWAN DA BA A YI

Ba a yi wa irin wannan ƙafa tausa. Matsa ta yana iya ɓalle gudan ya tafi huhu.

Ba a yi mata ƙaho. Wanzami yana da aikinsa a gari, amma jinin da ƙaho yake ja na bakin fata ne. Gudan da ake gani a cikin ƙaho a waje ya daskare, bayan ya fito. Gudan da yake kawo ciwon yana can cikin nama, inda ƙaho ba ya kaiwa.

Ba a yi mata tsaga ko sakiya, domin babu mugunya a ciki. Ba a ɗaure ta da igiya ko tsumma. Ba a kai ta wajen maɗori, domin ƙashi lafiya yake.

Ba a sayen ƙwayoyi wajen masu tallar magani a kasuwa da sunan tsinka jini. A Amurka, a shekarar 2021, an gwada ba masu korona mai sauƙi aspirin da wani maganin hana daskarewar jini tun kafin su samu guda. Ba a ga amfanin yin haka ba, aka tsayar da gwajin. Irin waɗannan magunguna suna iya sa zubar jini a ciki. Likita ne kaɗai yake ba da su, bayan ya duba.

Ba a cewa a bari sai ranar kasuwa, lokacin da mota za ta zo. Ƙafar da ta kumbura yau, yau ake kai ta.

HANYAR ZUWA LIKITA

A fara da gidan likita mafi kusa. Kada mai ciwon ya yi doguwar tafiya a ƙasa. A ɗora shi a amalanke, ko babur, ko mota. Idan numfashi ne yake masa wuya, a jingina shi a zaune, kada a kwantar da shi rigingine. Wani ya raka shi. A tafi da duk takardun likita da magungunan da yake sha.

A gidan likita, faɗin gaskiya duka shi ne taimako. Ga misalin yadda ya kamata magana ta tafi tsakanin wani dattijo da ma'aikacin lafiya:

"Sannu Baba. Me ya kawo ka?"

"Malam, ƙafar nan ta hagu ce. Shekaranjiya ta fara kumbura."

"Ka faɗi ne, ko wani abu ya cije ka?"

"Ko ɗaya. Amma mako uku da suka wuce na yi masassara da tari. Na kwanta kwana biyar. Da na ji dama na hau mota zuwa Agadas na dawo."

"Numfashinka fa, Baba?"

"Tun jiya idan na yi ɗan taku sai haki."

Wannan dattijo ya faɗi abubuwa huɗu da likita yake bukata: ranar da kumburin ya fara, ciwon da ya yi a baya, tafiyar da ya yi, da halin numfashinsa. Mutane da yawa sukan manta da masassarar da ta wuce, domin suna ganin ba ta shafi ƙafa ba. Ta shafe ta.

Idan ma'aikacin lafiya ya ba da takarda ya ce a wuce gaba, zuwa likitar Tanut, ko ta Belbeji, ko babban asibitin ƙasa na Damagaram, a wuce a ranar. Kada a koma gida da takardar a aljihu. Ana ganin gudan ƙafa da irin na'urar da ake duba mata masu ciki da ita. Ba ta da zafi, ba a yanka kowa.

Ciwon yana da magani. Akan fara da allura a ƙarƙashin fata ko da ƙwayoyi. Maganin yana hana gudan ƙaruwa, yana hana wani sabo fitowa, jiki kuma ya narkar da tsohon a hankali. Shansa yakan kai wata uku, wani ma ya fi. Kumburi yana iya sauka cikin kwanaki, amma ba a daina magani sai likita ya ce. Wanda ya daina da kansa, gudan yana iya dawowa.

Mai shan wannan magani jininsa ba ya saurin tsayawa. Kada a yi masa ƙaho, ko tsaga, ko cire haƙori, sai likita ya sani. Ya yi hankali da wuƙa da lauje. Idan ya ga jini a fitsari, ko bayan gida baƙi, ko haɓo ya ƙi tsayawa, ya koma likita nan da nan. Mai ciki ta faɗa wa likita tana da ciki, domin akwai ƙwayoyin da ba a ba ta.

RIGAKAFI YA FI MAGANI

Ba kowa ne zai san ko masassarar da ya yi korona ce ko wata ba. Babu komai. Duk ciwon da ya kwantar da babban mutum kwanaki yana iya kawo gudan jini. Saboda haka waɗannan shawarwari na kowa ne.

1. Marar lafiya ya huta, amma kada ya yini kwance ko motsi babu. Ya tashi ya zagaya tsakar gida sau da yawa a yini. Idan ba ya iya tashi, ya riƙa motsa tafin ƙafarsa sama da ƙasa, yana miƙe gwiwa yana lanƙwasawa. Tsoho da tsohuwa a kama su a taimaka musu.

2. A sha ruwa mai tsabta da yawa, da kunu, da fura. Ƙananan kofunan shayi ba su maye gurbin ruwa. Fitsari idan ya yi ja kuma ya yi kaɗan, jiki yana neman ruwa. A bazara abin ya fi tsanani. A watan azumi marar lafiya yana da sauƙin da addini ya ba shi.

3. Wanda ya tashi daga ciwo, idan da hali ya jinkirta doguwar tafiya. Idan ta zama dole, duk inda mota ta tsaya ya sauka ya taka. Yana zaune ma ya riƙa motsa ƙafa. Ya tafi da ruwansa ya sha.

4. Mai jego ta riƙa tashi tana takawa a cikin gida tun kwanakin farko. Ungozoma da uwar miji su duba ƙafafunta. Ƙafa ɗaya ta kumbura, ko haki ya zo mata, a kai ta likita.

5. Mai tari da masassara ya rufe bakinsa idan zai yi tari, ya wanke hannu da sabulu, ya nisanci ɗakin tsofaffi da na mai jego har ya warke.

6. A riƙe lissafi: watan farko bayan ciwo shi ne na sa ido sosai. Daga nan haɗarin yana raguwa a hankali har wata shida.

MAGANAR ALLURAR RIGAKAFI

An fara allurar korona a Nijar a ƙarshen watan Maris na 2021. A lokacin an yi ta jita-jita cewa allurar tana daskarar da jini. Ga yadda abin yake. A shekarar 2021 an gano cewa iri biyu, ta AstraZeneca da ta Johnson & Johnson, suna iya kawo wani irin gudan jini ga mutane ƙalilan ƙwarai, ƴan kaɗan cikin dubban ɗaruruwa. Likitoci ne da kansu suka gano haka suka sanar. Da aka gwada, an ga cutar ta fi allurar kawo gudan jini nesa ba kusa ba. A shekarar 2024 kamfanin AstraZeneca ya janye tasa allurar daga kasuwa.

A shekarar 2024 kuma wani bincike ya fito, wanda aka yi a kan mutum fiye da miliyan 20 a Birtaniya da Sifen da Estoniya. Ya nuna waɗanda aka yi wa allura, idan suka kamu da korona, ba su cika samun gudan jini kamar waɗanda ba a yi wa ba. Wanda aka yi wa allura shekarun baya kada ya ɗaga hankalinsa. Tsofaffi da masu daɗaɗɗen ciwo su tambayi ma'aikacin lafiya abin da ya dace da su.

AIKIN GARI DUKA

Mai ciwon huhu ba ya iya neman mota da kansa. Saboda haka shiri na gari ne. Mai gari da arɗo da limami su san wanda yake da amalanke, da wanda yake da babur, da mai motar da za a kira da dare. A rubuta lambar salularsu da ta ma'aikacin lafiya, a ajiye inda kowa ya sani. Ƙungiyoyin manoma da na mata suna iya ware ɗan abu a asusu bayan kaka, domin kuɗin mai ranar gaggawa. Kada a tsaya neman mai sayen akuya alhali marar lafiya yana haki.

Makiyayin da zai yi nisa da bisashe zuwa arewa da damina ya san gidan likitan da ya fi kusa da mashekarinsa tun kafin bukata ta taso.

Wanda ya iya karatu ya karanta wannan shafi ga waɗanda ba su iya ba, a zaure, a bakin rijiya, da ajin yaƙi da jahilci. A maimaita alamomin nan biyu har kowa ya riƙe: ƙafa ɗaya ta kumbura bayan ciwo, ko numfashi ya yi wuya farat ɗaya. Duk wanda ya ga ɗaya daga cikinsu, hanyar likita zai kama a ranar.

Allah ya ba da lafiya, ya sa albarka a gonaki da garkuna. Amin.